Yadda Ake Tsara Wutar Lantarki a Ƙaramin Jirgin Ruwa

Masu jiragen da ke aiki a madatsar Tiga, da ta Watari a Bagwai, da ta Challawa, sukan shigo cikin birnin Kano sayen batir da waya da fitilu, su bi ta Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, sannan su miƙa aikin ga mai riwayar mota. Mai riwaya ya san aikinsa, amma jirgi ba mota ba ne. A mota ƙarfen jikinta ne yake mayar da wuta zuwa batir, a jirgi kuwa dole kowace na'ura ta sami wayoyi biyu, ta zuwa da ta dawowa. Wutar lantarki ba ta bi ta jikin katako, na ƙarfe ko alminiyom kuwa idan aka bi da wuta ta cikinsa sai ya riƙa cinyewa a cikin ruwa sannu a hankali.

Kafin a sayi komai, a zauna da takarda da biro a rubuta duk abin da zai ci wuta da awannin da zai yi yana aiki. Tsarin ƙananan jirage na volt 12 ne, kuma idan aka raba wat da volt ana samun amfiya. Fitila mai haska gaba mai wat 24 tana jan amfiya 2, idan ta yi awa 4 ta ci amfiya-awa (Ah) 8 ke nan. A ce fitilun gefe da ta baya sun ci 4, famfon kwashe ruwa ya ci 5, cajin wayoyin hannu ya ci 6, jimla ta kama 23. Sai a ninka wannan adadi, domin batir mai ruwan asid ba a so a zuƙe fiye da rabin cajinsa, in ba haka ba yana saurin mutuwa. Batir mai lamba 60Ah zai wadatar a wannan misali, kuma wanda ake sayarwa don aikin sola ya fi na mota dacewa, saboda na mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa a ɗan lokaci ya tayar da inji. Idan injin jirgin da makulli ake tayar da shi, a ware masa batirinsa daban.

Batun waya shi ne inda na fi so mai jirgi ya tsaya ya natsu. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya a ciki ba ta dace ba, domin girgizar inji tana karya ta. Ana buƙatar mai silli-silli da yawa, ta tagulla zalla, in da hali wadda aka shafe da kuza don ta jure laima. Akwai wayar alminiyom da aka yi wa rufin tagulla tana yawo a kasuwa, saboda haka a sa mai shago ya yanka a duba cikin sillin: ta gaskiya cikinta ja ne, ta jabu kuwa fari. Kaurinta kuma ba a zaɓarsa da ido. Wuta tana raguwa gwargwadon tsawon waya, kuma tsawon da ake lissafi da shi na zuwa da dawowa ne. Ga famfo da fitilun tafiya, raguwar kada ta wuce kashi 3 cikin 100, wato volt 0.36. Famfo mai jan amfiya 5 da yake nisan mita 4 daga batir yana da waya mita 8. Idan aka sa masa mai kaurin 1.5mm² zai yi asarar kusan volt 0.47, mai 2.5mm² kuwa asararta kusan 0.28 ce kawai. Ta biyun ita ce daidai, ko da ta fi tsada.

Daga kan batir mai alamar + abin da zai fara zuwa shi ne babban fis, a nisan da bai wuce santimita 18 ba, sannan babban makunni da zai yanke wutar jirgin gaba ɗaya, sannan akwatin rarraba wuta inda kowace na'ura take da nata fis. Aikin fis shi ne kare waya daga ƙonewa, don haka a zaɓe shi ƙasa da abin da wayar za ta iya ɗauka, kuma idan ya ƙone kada a ɗaure gurbinsa da sillin waya kamar yadda wasu suke yi. Batir yana iya mayar da waya garwashi cikin daƙiƙoƙi, a jirgin da yake ɗauke da jarkar fetur da fasinjoji, nesa da gaɓa. Baƙaƙen wayoyin dawowa duka su haɗu a kan ƙarfen tagulla guda, daga nan waya ɗaya mai kauri ta koma batir. Famfo mai tashi da kansa shi kaɗai ake haɗawa kafin babban makunni, da nasa fis, domin ya ci gaba da kwashe ruwan sama idan an ɗaure jirgi da damina.

Batir ya zauna cikin akwati mai ƙofar iska, a ɗaure shi tamau, sama da inda ruwa ke taruwa kuma nesa da mai, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wayoyi su bi ta saman gefen jirgi cikin bututun roba. Inda za a haɗa biyu, kada a murɗe a naɗe da salatif; a matse su da kan haɗi na ƙarfe, a rufe da robar nan da take tsukewa idan ta ji zafi. Fitilar hagu ja ce, ta dama kore, ta baya fara.

Wanda zai yi caji da rana ya sa kantarola, wato na'urar da take daidaita caji, tsakanin farantin sola da batir, ya kuma riƙa goge ƙurar hunturu daga farantin. Kafin a saka jirgi a ruwa a kunna komai lokaci guda na ɗan lokaci, a auna volt a bakin kowace na'ura da mita, a taɓa wayoyin a ji ko akwai wadda ta yi ɗumi. Wadda ta yi, a canza ta da mai kauri, sannan a ajiye zanen tsarin da fis na ko-ta-kwana cikin leda kusa da akwatin wuta.