Yadda Ake Zaɓen Man Giya Na Tsohuwar Motar Gudu

Kuskuren da ya fi cin giyabos na tsofaffin motocin gudu shi ne ɗaukar cewa duk man giya ɗaya ne, wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi kyau. Mutum ya ga GL-5 a jikin galan, ya ga littafin motarsa ya ce GL-4, sai ya ce ai biyar ta fi huɗu. Waɗannan lambobi ba matakan inganci ba ne, nau'in aiki suke nunawa. Abin da ke cikin giyabos ɗin shi ke zaɓen mai, kuma abu uku ake dubawa: ƙarfen da aka yi zoben sinkiro da shi, ko akwai giyar aksul a cikin akwatin, sannan ko motar tana da obadirayib, wato ƙarin giya a bayan giyabos mai rage juyin injin idan ana gudu.

A fara da sinkiro. Duk sa'ad da aka sauya giya, akwai wani zobe mai siffar mazurari da ke kama jikin giyar da za a shiga, ya daidaita gudunta da na shaf kafin haƙora su haɗu. Da gogayya yake wannan aiki, tamkar ƙaramin birki. Ke nan man da ake so shi ne wanda zai kare haƙora da boris, amma ya kauce wa zoben ya bar shi ya kama. Idan santsi ya yi yawa, zoben ba ya kamawa da wuri, sai a ji ƙurrr wajen shiga giya ta biyu, musamman in an sauko daga ta uku.

A yawancin motocin Ingila da na Japan na shekarun 1960 da 1970, da tagulla aka yi wannan zobe. Shi kuwa man GL-5 an haɗa shi ne domin giyar aksul, wadda ake kira haifoyid, inda ƙaramar giyar take zaune ƙasa da tsakiyar babbar, haƙoransu suna murzar juna suna zamewa ƙarƙashin nauyi mai yawa. Don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, ana zuba masa sinadaran farar wuta da fosforas da yawa. Inda zafi ya tashi, sinadaran suna yin wata fata a kan ƙarfen, ita ke cinyewa maimakon haƙori. A kan baƙin ƙarfe wannan alheri ne. A kan tagulla kuwa fatar tana ɓanɓarewa tare da ɗan naman zoben, kullum kaɗan-kaɗan, ga shi farar wuta na cin tagulla idan mai ya yi zafi sosai. Man GL-4 yana da irin waɗannan sinadarai, sai dai kusan rabin na GL-5, wanda ya ishi giyabos. Gaskiya ne man GL-5 na zamani bai kai na da cin tagulla ba, domin an rage wa farar wutar kaifi. Amma matsalar santsi tana nan. Idan galan ya ce ya dace da GL-4 da GL-5 duka, a nemi takardar bayanin man a duba gwajin jan ƙarfe mai lamba ASTM D130. Sakamakon 1a ko 1b shi ne mai kwantar da hankali.

Sai maganar kauri, wadda take rikita har makanikai. Ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai. Man giya mai lamba 90 idan ya yi zafi kaurinsa kusan ɗaya ne da baƙin mai mai lamba 40 zuwa 50. Don haka idan aka ce wata mota 20W-50 take sha a giyabos, ba wai an ba ta mai tsinkakke ba ne. Bambancin yana cikin sinadarai.

Ga MGB, motar Ingila wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1980. Giyabos ɗinta baƙin mai yake sha, 20W-50, irin wanda ake zuba wa injin. Akwatin da ya zo daga ƙarshen 1967, mai sinkiro a dukan giya huɗu, yana ɗaukar kusan lita 3, in da obadirayib kuma wajen lita 3.4. Aksul ɗinta na baya shi ne mai shan man haifoyid lamba 90. Galan biyu daban ke nan, kada a haɗa. Amma Triumph TR6, 'yar ƙasarsu kuma sa'arta, littafinta man giya lamba 90 ya ce, ajin GL-4, alhali duka biyun obadirayib ɗin kamfanin Laycock suke ɗauke da shi. Jaguar E-Type ma ta rabu gida biyu: akwatin kamfanin Moss na 1961 zuwa 1964 baƙin mai lamba 30 yake so, wanda ya gaje shi mai cikakken sinkiro kuma man giya lamba 90. Wannan ya isa ya nuna cewa sunan mota kawai bai wadatar ba. A duba lambar da ke jikin giyabos ɗin, domin motar da ta shekara hamsin da wuya a ce ba a taɓa sauya mata wani abu ba, kuma da yawa an ɗora musu akwati mai giya biyar na wata mota daban.

Obadirayib yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa. Na Laycock mai ɗaya yake sha da giyabos. A cikinsa akwai ɗan famfo da ke tura mai da ƙarfi ya motsa wani kuloci mai siffar mazurari, wanda aka lulluɓe da abin gogayya irin na birki. Duk abin da zai ƙara wa mai santsi maƙiyinsa ne: man da aka rubuta wa LS, wanda aka yi don aksul mai hana taya ɗaya zamewa, da ƴan kwalaben nan na ƙari masu moli ko teflon da ake tallata cewa suna rage ƙara. Da zarar kulocin ya sha su sai ya fara zamewa, a ji injin yana tashi mota ba ta ƙara gudu, kuma sau tari sauya mai ba ya dawo da shi, sai an kwance. Mai mai kauri da yawa kuma yana sa obadirayib jinkirin shiga da jinkirin fita.

Porsche 911 ita ce ta juya maganar. A akwatinta mai lamba 915, na 1972 zuwa 1986, giyabos da giyar aksul a gida ɗaya suke, mai ɗaya suke sha, don haka dole a ba giyar aksul haƙƙinta. Sinkironta kuma ba na tagulla ba ne, zoben ƙarfe ne ƙirar Porsche da aka shafe da molibdinam. A nan GL-5 shi ne daidai, lamba 90 ko 80W-90, kusan lita 3. Wanda ya ji tsoron GL-5 ya zuba GL-4 ya bar giya mafi tsada a motar ba isasshiyar kariya. Masu gyaran 915 da yawa sun fi son man ma'adini na gargajiya, irin su Swepco 201, domin wasu mayukan sintetik suna yi wa wannan zobe santsi. Akwatin G50 da ya zo a 1987 yana da sinkiro irin na Borg-Warner, shi kam 75W-90 sintetik ajin GL-5 yana karɓar sa.

Game da sintetik a sauran motocin: idan littafi ya ce GL-4 lamba 90, mai irin Red Line MT-90, wato 75W-90 GL-4, yana sauƙaƙa shigar giya da sanyin safiya kuma yana jure zafi. Aibinsa shi ne yana gano duk inda tsohon sil, wato zoben hana yoyo, ya bushe, ya bi ta nan. Akwatin da yake ɗiga tun da farko, a gyara sil tukuna.

Inda zafi ke haura digiri 40, kamar Kano ko Yamai a watan Afrilu, lambar farko mai W, wadda ke nuna kaurin mai a sanyi, ba ta da wani tasiri, ta biyun ake kula da ita. 80W-90 ya wadatar. Abin gudu shi ne a cika akwatin da 85W-140 na manyan motoci wai don yoyo ya tsaya ko ƙara ta ragu. Ƙarar takan ragu kam, amma zoben sinkiro zai sha wahalar matse man daga tsakaninsa da giya, ƙananan boris na ciki ba za su samu mai da wuri ba, kuma kusan duk man da ke da wannan kauri GL-5 ne.

Wajen sauyawa, a yi tafiyar minti 15 don mai ya yi ɗumi. A ɗora motar a kan rami ko a ɗaga ta gaba da baya daidai, domin in ta karkata ma'aunin zai yi ƙarya. A fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce: idan aka zubar da mai sannan murfin sama ya ƙi kwancewa, mota ta zauna ke nan. A MGB na farko-farko ta cikin mota ake kaiwa ga sandar awo, ƙarƙashin kafet ta gaban sandar giya. Na baya-baya kuma murfin a gefen akwati yake.

A tari tsohon man a kwano mai tsabta a kai shi rana a duba. Baƙin gari mai laushi a kan maganaɗisun murfi ba komai ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya yana nufin tagullar sinkiro ko ta bushi tana cinyewa. Gutsattsarin ƙarfe da za a iya ji da yatsa kuwa haƙori ne ko boris, sabon mai ba zai warkar da shi ba. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Mai obadirayib ya cire farantin ƙasa ya wanke ragar tacewa da maganaɗisun da ke wurin, ya sa sabon gasket.

A sa sabon wosha, a ɗaure murfin ƙasa ba tare da wuce kima ba, domin zaren alminiyam ba ya jure ƙarfin hannu. A tura mai da famfon hannu har ya fara dawowa ta bakin ramin gefe, a bar shi ya gama ɗiga, a rufe. Cikawa fiye da haka na sa mai kumfa da zafi, ya fasa sil na gaba ya jiƙa kuloci. A kuma duba ɗan ramin numfashi da ke saman akwatin. Idan datti ya toshe shi, iska mai zafi za ta tura mai waje ko da sil sabo ne. Bayan tafiyar farko, a shiga obadirayib a fita sau da yawa, sannan a sake auna man, domin yakan ɗan sauka.

Motar da aka fi ajiyewa fiye da hawa, a sauya mata man giya duk shekara biyu zuwa uku ko da ba ta yi nisa ba, saboda raɓar da ke taruwa a cikin akwati. Idan kuma an zuba man da ya dace, an yi kilomita ɗari biyu ko uku, giya ta biyu ba ta daina ƙara ba, a duba ko kuloci yana saki gaba ɗaya. In yana saki, zoben ne ya ƙare, sai a sauke giyabos.