Bakin tekun Aberdeen: inda za ku je da abin da za ku kiyaye

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zuwa Aberdeen a watan Satumba suke sauka, don karatu a Jami'ar Aberdeen ko ta Robert Gordon, wasu kuma aikin mai da gas ko aikin asibiti ne ya kawo su. Kafin mutum ya gama neman ɗaki da rajistar likita da buɗe asusun banki, sai ya ga rana ta fara faɗuwa da wuri, sanyi ya kankama. Daga nan rayuwa ta koma daga ɗaki sai aji, daga aji sai kanti. Akwai waɗanda suka gama digiri suka koma gida ba su san ko'ina ba sai Union Street da masallaci. Wannan asara ce, domin gaɓar tekun da ke kudu da arewacin garin nan tana cikin wurare mafi kyau a Sikotlan, kuma mafi yawanta ba a biyan ko sisi. Dokar ƙasa ta 2003 ta ba kowa damar bi ta yawancin filaye da gaɓar ruwa a ƙafa, muddin bai yi ɓarna ba, bai shiga harabar gidan wani ba, bai tattake shuka ba. Ba ruwanta da irin bizar da ke fasfo ɗinka.

Sai dai mu mutanen tudu ne. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san gulbi da tafki da madatsa, amma bai san ruwan da ke tafiya ya dawo da kansa ba. Shi ya sa zan fara da wannan kafin in lissafa wuraren zuwa.

Teku na cika ta janye sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25 ne, saboda haka lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. In yau ruwa ya cika da azahar, bayan mako guda lokacin janyewarsa ke nan. Jan da wata ke yi wa ruwa ne ke haddasa hakan, kuma a nan lissafin watanmu na Musulunci yana da amfani: kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa ya fi yin sama ya kuma fi ja baya. A Aberdeen bambancin yakan wuce mita 3. Haɗarin shi ne ka ga fili a buɗe, ka bi ta kan duwatsu ka zagaya wani lungu, ka zauna ɗaukar hoto, ka juyo ka tarar ruwa ya datse hanyar da ka biyo, bayanka kuma bangon dutse ne. Duba jadawalin cikar teku a waya kafin ka fita. In za ka sauka ƙasa, sauka lokacin da ruwa ke janyewa.

Abu na biyu sanyin ruwan. Tekun Arewa a nan takan sauka zuwa kusan digiri 6 a ƙarshen hunturu, ko a watan Agusta da ƙyar take haura 14. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana fizge numfashin mutum da zarar ya faɗa, ko da gwanin iyo ne, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma 'yan sa-kai ne ke tuƙa yawancin jiragenta, tana koyar da abu guda: kada ka yi kokawa da ruwa, kwanta rigingine, kunnuwa a cikin ruwa, ka buɗe hannuwa da ƙafafu har numfashinka ya daidaita, sannan ka yi ihu. In wani ka ga ya faɗa, kada ka bi shi. Kira 999 ka ce Coastguard kake nema, wato hukumar ceto a teku. Haddace wannan kalma, ka koya wa uwargida da yara.

To, yanzu ina za a je?

Ku fara da cikin gari. A ƙarshen rairayin bakin teku ta kudu akwai Footdee, mutanen gari na cewa Fittie, tsohuwar unguwar masunta mai ƙananan gidaje da suka juya wa teku baya saboda iska. Mutane na zaune a ciki, don haka ban da leƙen taga. A ɗaya ɓangaren mashigar tashar jiragen ruwa akwai Torry Battery, tsohuwar ganuwar igwa ta 1860. Daga kan tudun ake hango kifayen dolfin suna farauta a bakin kogin Dee, wani lokaci suna tsalle dab da manyan jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai. Ba kullum ake dacewa ba. A zo da haƙuri da shayi a fulas. Gaba kaɗan ga hasumiyar fitila ta Girdle Ness, tun 1833 take tsaye.

In fita ɗaya kacal za ku yi a shekara, to ta zama Dunnottar, tsohuwar fada kusa da garin Stonehaven. Jirgin ƙasa daga Aberdeen zuwa Stonehaven bai wuce minti 20 ba. Daga tasha a gangara cikin gari zuwa matsayar kwale-kwale, sannan a hau tudu a kama 'yar hanyar da ke bin gefen tsauni kudu, wajen kilomita 3. Za ku wuce ginin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi a kan Black Hill, kuna ɗan karya kwana sai ga kangon fadar a kan wani curin dutse da ya kai mita 50 daga ruwa, teku ta kewaye shi ta ɓangare uku, siririyar hanya ce kawai ta haɗa shi da tudu. A nan aka ɓoye kambin sarautar Sikotlan da takobi da sandar mulki lokacin da sojojin Ingila na Cromwell suka yi wa wurin ƙawanya daga 1651 zuwa 1652. Aka fitar da kayan a ɓoye aka binne su a ƙarƙashin daɓen cocin Kinneff, yau suna fadar Edinburgh. Akwai kuma wani ɗakin ƙasa da aka cusa mutum 167, maza da mata, a 1685, saboda sun ƙi yarda sarki na da iko a kan addininsu. Ku shiga ku tsaya a ciki ku auna girmansa da ido. Ana biyan kuɗin shiga, kuma sukan rufe in iska ta yi yawa, amma kallo daga kan tudu kyauta ne, ni a ganina ma ya fi cikin kyau. Matakalar sauka da hawa na da yawa; in Hajiya ta zo ziyara daga gida kuma gwiwa na damunta, a bar ta a sama.

Kudu da nan kaɗan akwai Fowlsheugh, inda tsuntsayen teku sama da 100,000 ke yin sheƙa a jikin bangon dutse. Daga Mayu zuwa Yuli ake zuwa. Tun kafin ka gan su za ka ji kukansu, kuma hancinka zai shaida.

Ta arewa kuwa, Newburgh, a bakin kogin Ythan, ta fi dacewa da masu yara. Ɗaruruwan dabbobin ruwan nan da ake kira seal ne ke kwance a kan yashi a tsallaken kogin, suna wani irin kuka mai ban tausayi, wasu kuma su leƙo da kai cikin ruwa suna bin ka da ido. A gefen Newburgh ake tsayawa a kalla. Tun 2017 wurin kwanciyarsu ke ƙarƙashin kariyar doka, tsokanarsu laifi ne, kuma suna cizo.

Gaba, kusa da Cruden Bay a hanyar Peterhead, akwai Bullers of Buchan: kogo ne rufinsa ya rufta, ya bar wani wawakeken rami mai zurfin kusan mita 30, teku na shigowa ta wata ƙofar dutse tana tafarfasa a ƙasa. Wurin na da ban mamaki, amma ba shinge, hanyar siririya ce, ciyawar na da santsi. Ban ba da shawarar zuwa da ƙananan yara ba, kuma don Allah samari a bar hoton nan na tsayawa a baki ana ba rami baya. Gefen tsauni a wannan gaɓa yakan zaizaye ta ƙasa, ciyawa kawai ke riƙe da saman. Mai mota zai iya ƙarasawa Troup Head da ƙauyukan Pennan da Crovie da dutsen Bow Fiddle a Portknockie. Tafiyar yini guda ce.

Maganar sutura: iska ce matsala, ba ruwan sama ba. Lema ba ta kwana biyu a nan. A sa riguna biyu ko uku marasa nauyi, a ɗora jaket mai hana ruwa da iska, da takalmi mai kama ƙasa. Babbar riga da doguwar abaya mai jan ƙasa a ajiye su sai Juma'a, domin iska na cika su ta ture mutum. 'Yan'uwa mata su sa hijabin da za a cusa cikin jaket, da wando mai kauri a ciki. Akwai kuma hazon da suke kira haar, yana tasowa daga teku a bazara. Ba irin namu mai ƙura ba ne, jiƙaƙƙe ne mai sanyi, cikin 'yan mintuna sai ka daina ganin gabanka alhali cikin gari rana ake ƙwallawa. In ya rufe ku a kan tsauni, ku matsa nesa da baki ku koma ta inda kuka fito. In hukumar yanayi ta Met Office ta fitar da gargaɗin iska, a zauna gida.

Karnuka kuwa za ku haɗu da su ko'ina, galibi ba igiya. In ya nufo ka, tsaya cak, kada ka gudu, kada ka ɗaga dutse. Ka gaya wa mai shi cikin ladabi ya kira abinsa, yawanci nan take za su ba da haƙuri.

Lokaci ma abin lura ne. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa wajen uku da rabi, azahar da la'asar da magariba duk suna zuwa a jere, don haka a fita da hantsi, a yi alwala tun daga gida, ƙarfe biyu da rabi a juyo. A Yuni kuwa har bayan goma na dare da sauran rana, ana iya tashi daga aiki a je Stonehaven a dawo. Alƙibla kudu maso gabas take. Kada ku ɗauka wannan fitar za ta wadatar da jiki da sinadarin bitamin D. Hukumar lafiya ta NHS na shawartar masu baƙar fata su riƙa shan maikirogiram 10 kullum duk shekara. Ga 'yan ƙasa da shekara 22 mazauna Sikotlan, bas kyauta ne in an yi katin, kuma katin jirgin ƙasa na ɗalibai na rage kashi ɗaya cikin uku.

Yunwa za ta kama ku, iskar teku haka take. Soyayyen kifi da dankali shi ne abincin bakin ruwa, amma a tambaya da wane mai aka soya, domin wasu shagunan da kitsen shanu suke yi, wasu kuma suna zuba giya a ƙullun. Burodin nan na Aberdeen da ake kira buttery ko rowie, na gargajiyarsa da kitsen alade ake yi, sai an karanta takarda. Miyar Cullen skink kuwa kifi banda ne da dankali da albasa da madara, tana ɗumama jiki sosai. In a waje za ku ci, ku jingina da bango ku rufe kwalin tsakanin loma da loma, domin manyan fararen tsuntsayen bakin tekun nan ta baya suke zuwa, kuma kifin gaba ɗaya suke ɗauka.