Yadda Magidanci Zai Tsara Kuɗin Gida, Ya Ci Bashi Ba Tare da Bashin Ya Ci Shi Ba

Yawancin magidanta masu albashi wata-wata suke lissafin kuɗinsu, domin haka kuɗin ke shigo musu, alhali kuwa manyan hidimomin da ke jefa gida cikin bashi a shekara suke zagayowa. Mai gidan haya yakan karɓi kuɗinsa dunƙule sau ɗaya a shekara, makarantar yara tana neman nata sau uku, azumi yana zuwa da cefanensa, ƙaramar sallah da ɗinkinta, sannan bayan wata biyu da 'yan kwanaki a shiga maganar ragon layya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa ba zato ba tsammani, amma duk da haka sai ka ga mutum yana zarya tsakanin abokai kwana uku kafin a koma makaranta, kamar jiya aka sanar da shi cewa yana da 'ya'ya.

Saboda haka abin da za a fara yi shi ne a sami littafi guda, ko da irin na 'yan firamare ne, a rubuta duk hidimar da aka san tana tafe cikin wata goma sha biyu masu zuwa, kowace da watanta da adadin kuɗinta, sannan a raba jimlar gida goma sha biyu. Idan kuɗin haya naira 360,000 ne, to a haƙiƙa mutum yana cin hayar naira 30,000 duk wata, ko ya ware ko bai ware ba. Idan kuɗin makaranta naira 45,000 ne a zango, to shekara ta kama 135,000, wato 11,250 a wata. Wannan kuɗi ba na magidanci ba ne tun ranar da albashi ya shigo, ajiya ce kawai a hannunsa, kuma abin da ya rage bayan an cire shi shi ne ainihin abin da gida zai rayu a kai. A tuna kuma cewa watannin Musulunci suna ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka akwai shekarar da sallah za ta faɗo a mako ɗaya da kuɗin makaranta, kuma wanda ya duba kalanda tun farkon shekara zai gan ta tun tana nesa.

Bai kamata a yi wannan zama ba tare da uwargida ba. Ita ce ta san kwana nawa kwanon shinkafa yake yi, ita ta san cewa manja ya tashi tun makon jiya, kuma sau da yawa ita ke cike giɓin cefane da kuɗin sana'arta ba tare da ta faɗa ba. Magidancin da ke ɓoye wa iyalinsa adadin samunsa yana ganin ya tsare girmansa ne, amma abin da ke biyo baya shi ne a riƙa yi masa buƙata daidai da abin da ake zato yana samu, wanda kusan kullum ya fi gaskiyar yawa.

Kan abinci ne ya kamata a fi tsayawa, domin shi ke cinye kaso mafi tsoka. Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 farashi ya yi tashin gwauron zabi, har alƙaluman hukuma suka nuna hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, yayin da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 da aka amince da shi a tsakiyar shekarar. A irin wannan yanayi kuɗin da aka ajiye a akwati narkewa yake yi, saboda haka dabarar iyayenmu ta sayen hatsi da kaka ta fi ajiyar tsabar kuɗi amfani. Daga Oktoba zuwa Disamba masara da gero da dawa da wake suna shigowa kasuwa da yawa, kuma wanda ya sayi buhu biyu ko uku a kasuwar ƙauye, ko a babbar kasuwa irin ta Dawanau a Kano, ya huta da awon tiya-tiya a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya saba yin tsada. Sai dai a saya domin ci ne, kada a ci bashi a tara da niyyar cin riba, domin akwai shekarun da farashi ke tsayawa ko ma ya faɗi bayan kaka. Wake kuwa yana bukatar kulawa ta musamman: a tabbatar ya bushe sarai, a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, a ɗora a kan katako nesa da bango. Wanda ya zuba shi a buhun banza zai buɗe bayan wata uku ya tarar ƙwari sun rigaye shi.

Daga nan sai maganar inda za a ajiye kuɗin haya da na makaranta kafin lokacinsu. Adashi ya daɗe yana yi wa mutanenmu wannan aiki, kuma amfaninsa shi ne kunyar jama'a tana tilasta wa mutum yin zubi ko da ransa ba ya so. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa jerin kwasa yana da daraja. Wanda ya kwasa da farko rance ya samu marar ruwa daga sauran, wanda kuwa ya kwasa a ƙarshe shi ne ya ranta wa kowa, kuma kuɗinsa zai dawo masa bayan farashi ya riga ya motsa. Don haka kafin a shiga, a roƙi uwar adashi ta sa kwasar mutum ta faɗo a watan da haya ke cika ko watan komawa makaranta, domin kwasar da ta zo ba a shirya mata aiki ba takan ƙare a anko da gudummawar biki. A kuma san sauran masu zubin, a san sana'ar kowa, domin adashi yakan mutu ne a hannun wanda ya kwasa ya daina zubi. Shi kuma mai adashin kullum da ke zagaya kasuwa da katinsa, al'ada ita ce ya ɗauki zubin rana ɗaya a wata a matsayin ladansa, kuma idan ya ɓace da kuɗin babu hukumar da za ta biya kowa. Banki ya bambanta a nan, domin hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamunce wa mai ajiya a 2024 zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma, kuma an ga amfanin hakan lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin shekarar. Asusu na biyu wanda ba shi da katin cirar kuɗi ya isa ya zama ma'ajiyar haya.

Duk da wannan tsari, ranar cin bashi za ta zo, domin Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tambayar da ya kamata mutum ya amsa wa kansa kafin ya buɗe baki ita ce: daga wane kuɗi zan biya, kuma a wace rana? Idan amsar ita ce albashin wata kaza ko cinikin amfanin gona, to akwai lissafi. Idan kuwa amsar ita ce Allah zai kawo, to mutum bai shirya ba tukuna, domin dogaro ga Allah bai hana a ɗaure raƙumi ba. Bashin da aka ci don sayen keken ɗinki ko takin zamani yana da hanyar biyan kansa, na asibiti kuma dole ce ta kawo shi. Wanda aka ci domin lefe ya fi na maƙwabta akwatuna, ko domin walimar suna, shi ne ke daɗewa a wuya, domin taro ya watse cikin yini ɗaya, biya kuma ya ɗauki shekara.

Wurin da aka ciwo bashin ma yana da muhimmanci ƙwarai. Mafi sauƙi shi ne na ɗan'uwa ko amini, sai na ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki, wadda ke cira kai tsaye daga albashi. Wanda ke gudun riba yana da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha bankin ne ke sayen kayan da ake so, ya sayar wa mutum da ribar da aka amince a kanta tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. Wannan ba kyauta ba ce, don haka a nemi a ga jimlar abin da za a biya a rubuce, a kwatanta shi da farashin kayan a kasuwa kafin a sa hannu.

Mafi haɗari a zamanin nan su ne manhajojin rance na wayar salula, waɗanda ke turo kuɗi cikin minti biyar ba jingina ba shaida. A ɗauki misalin wanda aka ba naira 20,000 ya mayar da 24,000 bayan mako biyu. A ido dubu huɗu ce kawai, amma kashi 20 cikin ɗari ke nan a kwana goma sha huɗu, kuma shekara tana da irin waɗannan makonni biyu har sau 26, wato kashi 520 cikin ɗari. Jinginar da suke karɓa kuwa ita ce mutuncin mutum, domin tun lokacin sauke manhajar ya ba su izinin shiga lambobin da ke cikin wayarsa. Ni kaina na taɓa samun saƙo da sassafe ɗauke da hoton wani abokin aikina, an rubuta cewa ɓarawo ne da ake nema ruwa a jallo, alhali kwana huɗu kawai ya yi jinkiri a kan kuɗin da bai kai farashin rabin buhun masara ba. Irin saƙon ya je wa surukinsa da limamin unguwarsu, kuma ya fi wata guda yana sallar asuba a wani masallacin daban. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fito da ƙa'idojin rajistar irin waɗannan kamfanoni a 2022, kuma ana iya kai mata ƙara, amma saƙon da ya riga ya shiga wayar suruki ba ya dawowa.

Kowane bashi, komai ƙanƙantarsa kuma komai kusancin masu shi, a rubuta shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka: a rubuta, a ambaci ajali, a kafa shaidu. Mutanenmu suna jin nauyin cewa a kawo takarda tsakanin wa da ƙane, sai bayan ɗayansu ya rasu magada su zo suna rantse-rantse. Takardar ba ta bukatar lauya: sunayen mutum biyun, adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ranar karɓa, ranar biya, sa hannun shaidu biyu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa. Littafin mai kanti na unguwa ma a riƙa duba shi duk mako, kuma a iyakance wanda ke da izinin karɓo kaya da sunan gidan, domin biskit da lemon da yara ke karɓowa suna taruwa fiye da yadda ake zato. Tsaya wa wani a banki domin ya karɓi bashi kuwa daidai yake da cin bashin da kanka, saboda haka kada mutum ya sa hannu a kan adadin da ba zai iya biya daga aljihunsa ba.

Wanda bashi ya riga ya yi wa katutu, ya zauna ya rubuta su duka ba tare da ya ɓoye wa kansa ko ɗaya ba, ya fara kashe wanda ke haihuwa kullum, wato mai ruwa da tarar jinkiri, ko da zai sayar da akuya ko tsohuwar waya. Kada ya ciwo sabo domin ya biya tsoho. Sauran masu binsa kuma ya je musu da ƙafarsa kafin ranar alkawari, ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata, domin mai bin bashi ya fi jure wa jinkiri a kan kashe waya da sauya hanya, kuma aya ta 280 a surar nan ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Sauya banki ma ba ya fisshe shi, domin tun watan Agustan 2020 akwai tsarin Babban Banki da ke ba bankin da ke bin bashi damar cire kuɗinsa daga sauran asusun da ke haɗe da lambar BVN ta mutum.

Ranar da aka kammala biya, a karɓo takardar yarjejeniyar a rubuta a kanta cewa an biya, a gaban shaidun da suka sa hannu tun farko. Idan na banki ne ko na ƙungiya, a nemi wasiƙar da ke tabbatar da cewa ba a bin mutum komai, sannan a duba takardar albashin wata biyu masu zuwa, domin yakan faru a ci gaba da cira bayan bashi ya ƙare, kuma dawo da abin da aka cira bisa kuskure ya fi tsayar da shi wahala.