Jan ido ga mai suga ko mai sida, kar a ce apolo ne a zauna gida

Bara da kaka, lokacin sussuka, goggona da ke zaune Birni ta tashi da ido ɗaya ja zur yana hawaye, kowa ya ce ai apolo ne, aka aiki yaro ya sayo maganin ɗigawa na dala ɗari wajen mai tebur. Kwana biyu ta ji dama-dama, rana ta uku sai ga wani farin tabo kamar ƙwayar gero a tsakiyar baƙin idon, ko fitilar waya aka haska sai ta rufe fuska da gyale. Shekararta tara da ciwon suga. Idon bai fashe ba alhamdu lillahi, amma hakiya ta zauna, har yau da ido ɗaya take sa zare a allura, abin yana ci mini rai wallahi.

Wanda garkuwar jikinshi ta yi rauni, idonshi ba ya jira. Ina nufin mai suga, mai sida musamman in CD4 ɗinshi, wato awon ƙwayoyin garkuwa na cikin jini, ya sauka ƙasa da 200 ko ya bar shan ARV, maganin sida, mai kansa da ke karɓar magani, wanda aka yi wa dashen ƙoda, yaro mai tamowa, har da 'yan uwanmu mata masu shan dexa (dexamethasone, maganin kumburi) don su yi ƙiba, su ma maganin yana karya musu garkuwa ba su sani ba. Ƙwayoyin cutar da ba kasafai suke kama mai lafiya ba su ne ke samun ƙofa a nan. Akwai Pseudomonas da ke iya huda baƙin ido cikin kwana 1 zuwa 2, akwai Nocardia da ke zaune cikin ƙasa, ƙaiƙayi ko ƙurar hunturu ta ɗan karce ido sai ta shiga.

To ya za a gane? Ka rufe lafiyayyen idon da tafin hannu ka duba wani abu da ka saba gani, kalanda ko lambar waya. Apolo yawanci ido biyu yake kamawa, yana zagaya gida, ga kwantsa ga ƙaiƙayi, amma in ka goge kana gani tas. Mai haɗarin kuwa yawanci ido ɗaya ne, ciwon can ciki yake har kai, haske ba ya jurewa, gani ya ragu. A ɗaga fatar idon a haska daga gefe, in an ga farin tabo ko mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin kamar madara a gindin kofi, ranar nan za a tafi, ba gobe ba.

Wani ciwon kuma ido ba ya ko ja sosai, shi ne ma ya fi ba ni tsoro. Tunjere da tibi suna shiga ido ta jini, mutum sai dai ya ga hazo-hazo ko baƙaƙen abubuwa na yawo kamar ƙudaje. Haka mai suga da ke zazzaɓi mai zafi gani ya dushe mishi farat ɗaya, yana iya zama ƙwayar Klebsiella ce ta taso daga ƙurjin hanta ta bi jini.

Kafin a kama kabu-kabu zuwa sashen ido na babban asibitin Damagaram, kar a ɗiga komi. Ba nono, ba ruwan suga, ba lemun tsami, fitsari kuwa yana iya kawo ƙwayar ciwon sanyi ya gama da idon. Kar a naɗe shi da tsumma, a ajiye kwalli. Maganin ɗigawa mai dexa a ciki, irin wanda aka sayo wa goggo, yana kwantar da jan ne ƙwayar cutar na ci gaba da ci a ƙasa.

A zuba duk magungunan da ake sha cikin leda a tafi da su har da karnen likita. Sannan don Allah a faɗa wa likita gaskiya, in ana jin nauyin ɗan rakiya a ce ya ɗan jira waje, don jin kalmar sida ko dexa kaɗai na canza irin binciken da zai yi. Yana iya kankaro tabon a kai labo, ko ya ɗebi jini, wani har allura ake yi cikin idon, ana kashe zafin wurin tukuna, kar a gudu.

Maganin na da wahala kam. Na tunjere allurar penisilin ce ta jijiya kwana 10 zuwa 14, na tibi wata 6 ko fiye. Na tabo a baƙin ido da farko kowace awa ake ɗigawa dare da rana, mu alam muka sa a waya muna karɓa-karɓa ni da ɗiyar goggo. A wanke hannu da sabulu, a ja fatar ƙasa a ɗiga ɗigo ɗaya, bakin kwalba kar ya taɓa gashin ido, in iri biyu ne a ba da minti 5 tsakani. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar, ta kai kwana 28 a yar.