Kada ku nemi kakanku da suna kawai a takardun ƙidayar Amurka

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu bin diddigin kakannin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ga abin da ya fisshe ni.

Na kwashe sati uku ina taya maƙwabciyata neman kakanta, ɗan Lebanon, ban ga ko alamarsa ba. Ashe ma'aikacin ƙidaya yadda kunnensa ya ji yake rubuta suna, sunan gidansu ya jirkice gaba ɗaya. Sai da na ajiye shi, na nema da sunan yanka, garin da ya zauna da kimanin shekarar haihuwa, sannan ya fito, da matarsa da 'ya'ya huɗu a ƙarƙashinsa. A gurbin ƙasar haihuwa ma Siriya aka sa, don kuwa haka ake rubuta mutanen Lebanon a lokacin. Hawaye ta yi da ta ga shafin.

Ku fara da ƙidayar 1900, 1910, 1920 da 1930, su ne suka tambayi shekarar shigowa ƙasar. In kun ga "Na" a gurbin zama ɗan ƙasa, mutumin ya zama ɗan Amurka. "Pa", ya shigar da takardun farko na neman zama ɗan ƙasa. "Al", baƙo ne har lokacin. Shekarar shigowar takan saɓa daga ƙidaya zuwa ƙidaya, ku gwada su duka.

Ta 1890 kam kada ku wahalar da kanku, gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta. Ta 1950 ce ta ƙarshe da aka buɗe, a 2022. FamilySearch, shafin intanet da za ku iya duba waɗannan takardu, kyauta ne, rajista kawai za ku yi.