Yadda ake koya wa ɗalibai rera organum

Malaman waƙa na Damagaram, ga yadda za ku gwada organum, salon rera waƙa da murya biyu na cocin Turai da aka rubuta bayaninsa tun ƙarni na 9. Ku raba ɗalibai gida biyu. Na farko su riƙe waƙar coci ta Latin, ba ganga ba kalangu. Na biyu su bi su gaɓa da gaɓa, amma a sauti na biyar ƙasa a jerin sautukan waƙa (do, re, mi, fa, sol, la, si), ana ƙirgawa har da sautin da aka fara da shi: in waɗancan suna "sol", su suna "do".

Wurin "fa" ake samun matsala, don sauti na biyar ƙasansa "si" ne, sautukan sai su yi karo. A sauke "si" rabin mataki. A tafi a hankali, gaggawa ce ke sa masu muryar ƙasa su zame su bi muryar sama.

Waƙoƙin soyayya na turubadur, mawaƙan dā na kudancin Faransa, kuwa da murya ɗaya aka rubuta su, a bar su haka.