Kurakuran da aka fi yi wajen rubutu a kan tarihi da akidar Katolika

Duk lokacin da Paparoma ya rasu ko aka zaɓi sabo, rubuce-rubuce kan cocin Katolika sukan yawaita da Hausa, kuma akwai kurakuran da suke ta maimaituwa a bakin ɗalibai da 'yan jarida har an fara ɗaukarsu gaskiya. Akasarinsu sun samo asali ne daga rashin bambance abu uku: akidar da cocin ya ayyana, dokar da ya kafa wadda zai iya sauyawa, da labarin da ke yawo a bakin jama'a. Ba sai mutum ya yarda da wata akida ba kafin ya faɗe ta yadda masu ita suka faɗa, domin wannan amana ce ta ilimi da ke kan Musulmi da Kirista baki ɗaya.

Babban kuskuren shi ne cewa Katolika sun yi imani Paparoma ba ya zunubi, ko kuma duk maganar da ta fito daga bakinsa ba ta da gyara. Abin da Majalisar Fatikan ta Farko, wato babban taron bishop-bishop na cocin, ta zartar a 1870, zamanin Paparoma Pius na IX, ya fi haka ƙunci ƙwarai. Kariyar daga kuskure tana aiki ne kawai idan ya yi magana a matsayin makiyayin dukan Kiristoci, a kan batun imani ko ɗabi'a, kuma da nufin yanke hukuncin da ya hau kan cocin gaba ɗaya. Huɗubarsa ta ranar Lahadi da hirarsa da manema labarai ba sa cikin wannan, kuma shi ma yana zuwa gaban firist ya furta zunubansa kamar kowane ɗan coci. Daga 1870 zuwa yau, misalin da masana suka haɗu a kai shi ne na 1950, lokacin da Pius na XII ya ayyana cewa an ɗauke Maryamu zuwa sama da jikinta da ranta. Mai son zurfafa bincike ya duba batun Paparoma Honoriyus na I, wanda Majalisar Kustantiniya ta Uku ta la'anta a kan batun akida a 680 zuwa 681 bayan rasuwarsa, domin an yi ta muhawara a kansa sa'ad da ake tsara hukuncin 1870.

Akidar ɗaukar ciki marar aibi (Immaculate Conception), wadda aka ayyana ranar 8 ga Disamba 1854, ita ma ana yawan juya ta. Mutane suna zaton magana ce kan haihuwar Yesu ba tare da uba ba, alhali kuwa magana ce kan Maryamu kanta, wato an kiyaye ta daga zunubin asali, wanda a akidarsu 'yan Adam ke gada daga Adamu, tun lokacin da mahaifiyarta ta ɗauki cikinta. Haihuwar Yesu daga budurwa wata akida ce dabam, wadda ta daɗe a cikin tsofaffin kalmomin shaidar bangaskiya.

Sai batun Majalisar Nikiya ta 325, wadda aka yi a garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya. An sha rubuta cewa a can ne Sarkin Rum Kustantin ya zaɓi littattafan da za su shiga Littafi Mai Tsarki ya ƙone saura. Dokokin majalisar suna nan, kuma a cikin dokoki 20 ɗin da ta bari babu ko ɗaya da ta lissafa littattafai. Abin da ya tara bishop-bishop ɗin shi ne koyarwar Ariyus, firist daga Iskandariya, game da matsayin Almasihu, sai kuma lissafin ranar Ista, bikin tashin Yesu daga matattu. Wannan kuskuren yana haifar da wani, wato cewa Katolika ne suka ƙara littattafai bakwai a ƙarni na 16, shi ya sa nasu 73 ne, na Furotesta 66. Littattafan, irin su Tobit da Sirak da Makabiyawa, suna cikin tsohuwar fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari, kuma tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397, duka a Afirka ta Arewa, sun lissafa su. Martin Luther, jagoran Furotesta, ya ware su a sashe dabam cikin fassararsa ta Jamusanci a 1534, sannan Majalisar Trent ta tabbatar da tsohon jerin a 1546. Gyaran a nan shi ne a rubuta cewa ɓangarorin biyu sun saɓa kan matsayin littattafan, a kuma kawo shekarun.

Kalmar da ta fi ɓata wa Katolika rai ita ce a ce suna bauta wa Maryamu da gumaka. Majalisar Nikiya ta Biyu a 787 ta raba girmamawa da bauta, ta ce bauta ta Allah ce shi kaɗai, girmamawar da aka yi wa hoto kuwa tana komawa ga wanda aka zana. Marubuci yana da damar kawo sukar Furotesta da ta Musulmi a kan wannan rabewa, amma ya fara da faɗin cewa rabewar tana nan a rubuce.

Tarihin rozari, carbin da suke addu'a da shi, yana buƙatar taka-tsantsan ta ɗaya gefen, domin a nan masu ibada ne kan ɗauki ruwaya a matsayin tarihi. Ruwayar ta ce Maryamu ce ta miƙa shi ga Waliyyi Dominik, wanda ya rasu a 1221. Masana tarihi sun nuna cewa abin ya ginu ne sannu a hankali: sufaye suna karanta Zabura 150, waɗanda ba su iya karatu ba kuma suna maimaita Addu'ar Ubangiji sau 150 suna ƙirgawa da ƙulle-ƙullen igiya, daga baya gaisuwar Maryamu ta shigo wurin. Pius na V ya daidaita tsarin a 1569, John Paul na II kuma ya ƙara sashe na huɗu a kan sassa ukun addu'ar a 2002.

Rashin auren firistoci doka ce ta cocin Latin, wato ɓangaren Yamma na Katolika, wadda Majalisar Lateran ta Biyu ta ƙarfafa a 1139, ba akida ba ce. Akwai cocin Gabas 23 da ke ƙarƙashin Paparoma, kamar Maroniyawan Labanan, kuma a yawancinsu ana naɗa mai aure firist. Haka harshen ibada yake: Majalisar Fatikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ba ta haramta Latin ba, ta dai buɗe ƙofa ga harsunan jama'a a takardarta ta 1963, kuma ta wannan ƙofar ce ibadar Mas da Hausa ta samu gindin zama a Kaduna da Jos da Sakkwato da Maraɗi.